Akuyar Araha

Na sayo ta a kasuwar Dakin Gari,
ja ce, mai farin goshi, ga ƙirji.
Dillali ya rage mini dubu uku
ban ma buɗe baki na roƙa ba.
Na ɗaure ta bayan babur ina murna,
ban tambayi garken da ta baro ba.

Inna Tumba na ƙofar gida tana sheƙe gero.
Ta dubi akuya, ta dube ni:
"Kai ta can gindin aduwa, Nomau,
kwanonta daban, harawarta daban,
ta yi mako uku muna kallo.
Baƙo ba ya kwana ɗakin yara
ba a ji irin tarin da ya zo da shi ba."
Na yi dariya, na kwance igiya,
tara gare ni, ta zama ta goma,
ban ko waiwaya na amsa ba.

Haka Inna take tun ina yaro:
kafin hantsi ta zaga turke,
wa ke tuƙa, wa ya rakuɓe shi kaɗai,
ta taɓa gindin kunne da bayan hannu,
ta ɗaga wutsiya ta dubi kashi,
ƙwaya-ƙwaya ne ko ya saki,
ta buɗe fatar ido, da jini ko ta koɗe.
Ba ta da littafi, ba ta da allura,
amma cuta ba ta taɓa shammatar ta ba.

Kwana huɗu, baƙuwa ta ƙi dusa.
Na ce kewar gida ce.
Kwana biyar, majina a hanci, kwantsa a ido.
Na ce sanyin fadama ne.
Da la'asar na kora su rijiyar unguwa,
komi ɗaya, ruwa ɗaya,
awakin Barmo, tumakin Hakama,
kowa ya tsoma baki inda ta tsoma.
Ta yi atishawa sau biyu, na ji,
ban ɗauke shi a bakin komai ba.

Ashe cuta ba ta da ƙafa, ara take yi.
Tana bin numfashi, tana bin yawu,
ta laɓe a igiya, a tafin takalmi.
Ta hau babur ɗina har Bunza,
ko kuɗin mai ba ta ba ni ba.

Mako biyu, turke ya yi wari.
Zawo, tari, gyambo a dasashi.
Bunsurun da na ware don kuɗin taki
bai ga kiran asuba ba.

Wani abokina ya ja ni gefe:
"Kwashe sauran ka kai Jega da sassafe,
goge musu hanci, karya farashi,
wa zai sani?"
A nan na gane asalin arahata:
wani ne aka raɗa wa wannan maganar
a wani gari, bai ƙi ba.

Na kwana ina juyi.
Da safe na bi gida gida,
bakina ya yi nauyi kamar turmi:
"Ku raba awakinku, daga wajena ta fito."
Na kira Malam Anaruwa na asibitin dabbobi,
ya zo da ƙaramin akwatin ƙanƙara,
ya yi wa masu lafiya allurar rigakafi,
ya ce mu haƙa rami mai zurfi,
kada kare ya ja, kada mahauci ya taya,
a wanke komi, a hana kiwo tare.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.

Barmo ya rasa biyu, ya ce ƙaddara.
Hakama ta rasa tunkiya mai ciki,
har yau ba ta amsa gaisuwata ba.

Huɗu suka rage mini.
Yanzu ni ke zaga turke kafin hantsi,
ina taɓa kunne, ina ɗaga wutsiya.
Inna na kan tabarma tana kallo,
ta ce hannuna ya cika gaggawa.
Maganar gindin aduwa kuwa,
ba ta taɓa tada mini ita ba.